Sadarwar hannu da hannu ga 'yan gudun hijira a Legas

Wanda rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza ko Bama, ya sauka a Mile 12 ko Agege, wayarsa ce ke riƙe masa da zumunci. Ta nan yake jin wa ya rasu, wa ya haihu, ina ake neman lebura. Sai ga shi a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Mai fama da na tuwo, da me zai sayi data?

Akwai dabarar da ba ta jiran dogon ƙarfen kamfani. Ana kafa ƙananan na'urorin Wi-Fi a kan rufin gidaje, kowace tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta, kamar yadda ake miƙa bokiti ranar gobara. In ɗaya ta mutu, saƙon ya zaga ta wata. Magana tsakanin 'yan unguwa ba ta cin data. Magana da mutanen gida kuwa, sai a yi karo-karo a biya layin intanet guda.

An riga an gwada. Mutanen Mankosi a Afirka ta Kudu suna tafiyar da tasu, Zenzeleni, da hasken rana. A unguwar Red Hook ta New York, irinta ta taimaki jama'a bayan guguwar Sandy a 2012.

Inda nake saɓawa masu zumuɗin fasaha shi ne kan na'urorin LoRa, wasu ƙananan na'urorin aika saƙo ta rediyo da suke ganin su suka dace da wannan aiki. Suna da arha, suna cin nisa, batirinsu na jimawa, amma gajeren rubutu kawai suke ɗauka. Mutanenmu kuwa saƙon murya suke turawa, musamman iyayenmu mata, da Hausa ko Kanuri. Na'urar da ba ta ɗaukar murya, a aljihun samari za ta ƙare.

Sannan Legas gari ne na rusau. Dubban mutanen da aka tasa daga Otodo Gbame, wata unguwar masunta a bakin ruwa, a 2016 da 2017 shaida ne. Don haka kada a gina abin da ba ya ciruwa. Na'ura, faifan sola da batir su zama kayan da za a kwance a zuba a buhu cikin awa ɗaya. A damƙa amanarsu ga kwamitin masallaci ko fadar Sarkin Hausawa, a koya wa yaran da ke gyaran waya a unguwar yadda ake ɗaura su.