Macbeth a fim: ni dai na Japan da na Indiya sun fi shiga raina

Labarin Macbeth ba wani mai tsawo bane, shi ne ma mafi gajarta cikin wasannin ban tausayi da Shakespeare ya rubuta, wajen 1606. Jarumin yaƙi ne a Sikotland, yana dawowa daga fagen fama wasu mayu uku suka tare shi suka ce zai zama sarki, ya kai wa matarsa labari, ita kuma ta dinga zuga shi har ya kashe sarki Duncan da ya sauka baƙunta a gidansa, daga nan fa barci ya ƙaurace musu, kisa ya dinga jawo kisa har aka sare masa kai. An mayar da shi fim ba adadi, kuma ra'ayina, ko da malaman adabin Turanci za su ji haushi, waɗanda suka watsar da Turancin Shakespeare ɗin gaba ɗaya sun fi kama zuciyar labarin.

Ku duba wajen kisan sarki. A kan dandamali ba a nuna shi, Macbeth ya shige ɗaki ne kawai ya fito hannu duk jini. Roman Polanski a fim ɗinsa na 1971 sai ya kai kyamara har bakin gado, kana kallo sarki ya farka ana caka masa wuƙa. Jini kam ya kwarara a fim ɗin nan, kuma ba wanda ya kalle shi bai tuna cewa a 1969 aka yi wa matar Polanski, Sharon Tate, kisan gilla da tsohon ciki ba. Fim ne mai kyau, ban musa ba, sai dai da zarar ido ya ga komai to tsoron ya ragu, ƙyama ce ke saura.

Akira Kurosawa bai yi haka ba a Throne of Blood na 1957. Ya ɗauke labarin ya kai shi Japan ta zamanin samurai, Macbeth ya koma Washizu, Toshiro Mifune ya fito a matsayin. Matar, Asaji, ita ta miƙa masa mashi ya fita, kyamara kuma ta ƙi bin sa, ta zauna da ita a ɗaki tana jira shiru, har ya dawo ya zube a ƙasa ya kasa sakin mashin sai da ta ɓamɓare shi daga hannunsa. Wallahi wannan jiran ya fi jinin Polanski tayar da hankali. Matar nan fuskarta ko motsi ba ta yi, ba ta ɗaga murya, ƙarar rigarta kawai kake ji tana jan ƙasa. Mayu ukun sun zama aljana ɗaya a tsakiyar daji tana kaɗi. Ƙarshen ma ya canza shi, ba abokin gaba ne ya kashe Washizu ba, sojojinsa ne da suka ga daji na tafiya (aljanar ta ce masa ba za a ci shi da yaƙi ba sai daji ya yi tafiya) suka juya masa baya suka yi masa ruwan kibiya, kuma kibiyoyin gaske aka harba wa Mifune a wajen ɗauka, shi ya sa firgicin da ke idonsa ba wasa bane.

Na Indiya kuwa, tunda mu mutanen fim ɗin Indiya ne, mamaki nake yadda ba a cika zancen Maqbool ba, na Vishal Bhardwaj, 2003. A Mumbai labarin ya faru, cikin duniyar 'yan daba. Sarki ya zama Abbaji uban daba, Irrfan Khan ne Maqbool, wato Macbeth ɗin, yaronsa da ya raina kamar ɗa, Tabu kuma ba matar Maqbool bace, daduron Abbaji ce, kun ga kenan cin amanar ta ninku, ga kujera ga mace. Amma inda mutumin ya burge ni shi ne mayun. 'Yan sanda biyu ya mayar da su, Om Puri da Naseeruddin Shah, masu cin hanci suna buga taurari suna faɗa wa kowa abin da yake son ji, alhali su ke juya wasan don kada wani ɓangare ya fi ƙarfinsu. Duk wanda ya taɓa jin labarin ɗan siyasar da boka ya ce masa kujerar gwamna tasa ce ya san wannan ba tatsuniya bace.

Masu ja da ni za su ce ai Shakespeare kalmominsa ne, in ka cire su me ya rage. Suna da gaskiya ta wani gefen. Jawabin da Macbeth ya yi da aka ce masa matarsa ta mutu babu abin da ya maye gurbinsa a fim ɗin Kurosawa, kuma wanda yake son jin sa ya nemi na Joel Coen na 2021, baƙi da fari, inda Denzel Washington ke furta baitocin a hankali kamar hira. Shi da Frances McDormand da ta fito a matarsa duk sun haura sittin lokacin, sai labarin ya zama na tsofaffi biyu marasa ɗa da suke ganin dama ta ƙarshe ce, wannan dabara ce mai kyau. Kathryn Hunter ita kaɗai ta yi mayun uku, tana murɗe jiki kamar ba ƙashi. Matsalata da shi ya cika tsafta, kowane hoto sai ka ce na ratayewa a falo, ban ji warin jini ba, ban kuma yarda Denzel ɗin nan ya kasa barci ba. Na Justin Kurzel na 2015 da Michael Fassbender kuwa hayaƙi da jan launi sun yi yawa, maganar ma rabi a maƙoshi take.

Nasan wani zai ce to ai abin da Bhardwaj ya yi shi ne wankiyar da ake zagin 'yan Kannywood a kai. A'a, da bambanci. Mai wankiya sutura da yare kawai yake canzawa, shi kuwa wannan sai da ya zauna ya tambayi kansa su waye mayu a Mumbai, me zai sa yaro ya harbe ubangidansa, ya samo amsa daga garinsa. Bai kuma tsaya nan ba, ya yi Omkara daga Othello na Shakespeare a 2006, sannan ya kai wasansa Hamlet yankin Kashmir a 2014 ya kira shi Haider.