Fotokofin katin ɗan ƙasa ba takardar banza ba ce

A Tahoua mutane da dama na ɗauka cewa muddin ainihin katin ɗan ƙasa na aljihunsu, fotokofinsa ba ya cutarwa. Shi ya sa magidancin da ya naƙasa a wurin aiki zai miƙa wa wani ɗan kamasho fotokofi biyu ko uku, har da takardar haihuwa da ta likita, don an ce masa: "Baba, kawo in bi maka kuɗinka a Yamai."

Wannan kuskure ne mai tsada. A jikin takardar nan akwai suna, hoto, ranar haihuwa da lambar kati. Da su macuci zai iya yunƙurin yi wa layin waya rajista da sunanka, ya damfari wani, a zo ana neman ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu rauni ake fara yi wa haka.

Ma'aikacin da ke da rajista a CNSS, wato hukumar da ke kula da fanshon ma'aikata a Nijar, a ofishinta yake ajiye takardunsa na neman fanshon naƙasa, likita ne kuma ke tantance girman naƙasar. In jiki bai bari ba, ɗanka ko ƙaninka ya raka ka. Ka rubuta dalili da kwanan wata da biro a kan kowane fotokofi. Lambar sirrin asusun wayarka kuwa, babu ma'aikacin da ke bukatarta.