Lambun Padova da ƙullin maganin Inna

Shekara huɗu ina Padova a ƙasar Italiya, kullum sai na wuce ta wajen lambun tsirran nan na garin a keke amma ban taɓa leƙawa ba, wai ni zan cire kuɗi in je kallon ciyawa? Sai ran Asabar wani abokin aikina ya ja ni dole. Toh wallahi jikina a sanyaye na fito.

Tun 1545 lambun yake, kuma har yau yana inda aka kafa shi, kusa da cocin Sant'Antonio. Ba don shan iska suka yi shi ba fa, na jami'a ne. A lokacin ana yawan rikita ganyen magani, a ba ka wani a ce maka wani ne ka sha ka ƙara kwanciya, shi ne aka ce ɗaliban likitanci su riƙa zuwa suna ganin tsiron da idonsu. Har katanga sai da aka zagaye shi da ita saboda ɓarayi na shiga da dare suna tuge tsirrai, ashe ba yau aka fara ba. Kowane tsiro da ɗan allon sunansa, masu guba an ware musu gefensu. Akwai wata bishiya mai ganye kamar kaba, tun 1585 take, an gina mata ɗakin gilas ita kaɗai sai ka ce amarya.

Ni dai Inna ce ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa riƙe biro ba amma ko a duhu ta taɓa ganye ta san sabara ce ko kalgo, ta aike ni sassaƙen marke in kawo ta shinshina ta ce kai ɗan nan wannan ai ba shi ba ne koma. Ilimin muna da shi, wurin ajiye shi ne ba mu yi ba, ya bi tsofaffi kabari, marken kuma ya zama gawayi. Yanzu sai garin magani a ƙullin leda, mota da lasifika, maganin basir da shawara da sanyi duk a ƙulli ɗaya, mai sayarwan ma ka ce ya nuna maka bishiyar ka ga ikon Allah.

Da daddare na kira ƙanena na ce gobe ya leƙa bayan gari ya ɗauko min hoton sabara. Ya ce Yaya wane bayan garin, ai duk an yanka filaye.