Tarar dubu goma ba ta wanke sunan yaro

Akwai shawarar da ake ba iyaye a harabar kotun majistare wadda na tsana: "Ka ce masa ya amsa laifi kawai, a ci shi tara ku tafi gida." Yaro ya ɗauki waya a shagon caji, bai taɓa shiga hannu ba, uba ya gaji da sintiri, sai ya yarda. Ana karanta rahoton 'yan sanda, yaro ya ce "na aikata", alƙali ya rubuta an same shi da laifi. Wannan layin guda shi ne tabon, ko da bai kwana a gidan yari ba.

A Final Kot, wato kundin dokokin laifuka na Arewacin Najeriya, sashe na 287, sata na iya kai mutum ɗaurin shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Ƙanƙantar abin da aka ɗauka tana rage hukunci ne kawai, sunan laifin yana nan. In ya sake faɗawa hannu, mai gabatar da ƙara zai tunatar da kotu, sassaucin mai laifin farko ya wuce. Fom ɗin bizar Amurka yana tambaya ko an taɓa kama ka ko hukunta ka, ko da an yi maka afuwa. Sashe na 66 da na 107 na tsarin mulkin 1999 sun hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya takarar majalisa sai bayan shekara 10. Ingila tun 1974 take da dokar da ke ba mutum damar daina ambaton ƙaramin hukunci bayan wani lokaci. Mu nan sai dai neman afuwar gwamna.

Wasu kan ce ai ba a adana bayanai a ƙasar nan. Kar ka dogara da ɓatan fayil. An ɗauki hoto da zanen yatsu tun a caji ofis.

Abin yi yana kafin a amsa tuhuma. A mayar da kayan, a nemi sulhu, mai ƙara ya janye. In hakan bai yiwu ba, lauya ya roƙi sallama bisa sharaɗi: sashe na 454 na ACJA, dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, ya ba kotu ikon sallamar mutum ba tare da rubuta hukunci ba, in ta duba shekarunsa da halinsa da ƙanƙantar laifin, a sa masa ido na lokacin da bai wuce shekara 3 ba. Jihohi na da nasu dokokin, lauya ya duba ta jiharku. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tafi ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, kafin ranar zama.