Gori ba ya koya wa yaro godiya

Idan yaro ya ture kwanon tuwo, abin da uwa ta fi saurin faɗa shi ne, "Ci maza, wasu ko wannan ba su samu ba." Gaskiya ta faɗa, amma ɗan shekara biyar bai san su wane ne "wasu" ba. Faɗa kawai yake ji, sai ya cusa abincin don tsoro. A ganinmu, yaro na koyon godiya ne idan ya san daga inda abinci ya fito, ya auna shi da hannunsa, ya kuma miƙa wa mabuƙaci da kansa.

Ya kamata iyaye su fara sanin girman abin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, a Afirka kuwa mutum ɗaya cikin biyar. A 2022 duniya ta yi asarar abinci sama da tan biliyan ɗaya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje aka zubar da shi. Mu a Sakkwato ba sai mun leƙa Sudan ko Gaza ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa jiharmu a gaba wajen talauci, da kashi 91 cikin 100. A cikin garin nan Asibitin Noma yake, inda ake jinyar noma, wato cutar da ke cin fuskar ƙananan yara masu tamowa, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Isa da Sabon Birni.

Daga shekara uku zuwa shida, darasin na cikin kwanon yaro. A zuba masa kaɗan, in ya cinye a ƙara. Wanda aka cika wa kwano aka tilasta masa sai ya gama, ƙin abinci zai koya, ko ɓoye shi a zubar. A saba masa da bismilla da hamdala, ya kuma ce wa wadda ta dafa "sannu da aiki", domin hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Daga shekara bakwai sai a nuna masa wahalar da ke cikin loma ɗaya. Gero yakan yi kamar wata uku a gona: shuka, noma, maimai, yanka, ɗaurin dami, sussuka, sheƙa, surfe, sannan niƙa. A ba shi 'yar kunya biyu a bayan gida ya shuka gero ko wake da damina, ya ga yadda kwana goma babu ruwa ke sa ganye ya yi yaushi. A je kasuwa da shi, ya riƙe kuɗin, ya ji farashin tiya da kunnensa, ya lissafa kwana nawa take yi wa gidansu. Yaron da ya yi wannan lissafi da wuya ya juye shinkafa a kwata.

Sai bayarwa, kuma nan ne muka fi yin kuskure. A ajiye roba mai murfi kusa da buhu. Duk lokacin da za a ɗora tukunya, yaro ya ɗebi cikin tafi ɗaya na hatsi ya zuba. Ranar Juma'a a kai wa gidan da aka san yana cikin hali. Zakkar fidda kai ma makaranta ce: sa'i ɗaya ga kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu. A bar yaro ya auna nasa, ya raka mahaifinsa kaiwa kafin sallar Idi.

Abin da ke rushe wannan tarbiyya shi ne sadakar abin da mu ba za mu ci ba. A zafin Afrilu, dafaffiyar shinkafa da ta kwana a waje takan yi yami ta fara yauƙi. Idan ita ake miƙa wa almajiri a ƙofar gida, yaro na kallo, kuma abin da ya ɗauka shi ne talaka bai cancanci abu mai kyau ba. Almajirin kuma ya kwana da gudawa. A fitar da rabonsa tun abinci na da zafi, kafin kowa ya sa hannu. Yaro ya yi sallama, ya miƙa da hannun dama, babu tsawa, babu ɗaukar hoto da waya.

Bidiyon yara masu tamowa da ke yawo a WhatsApp bai dace da ƙaramin yaro ba. Firgita shi yake yi ya hana shi barci. Wanda ya haura shekara goma kuwa zai tambayi dalilin yunwa, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya: yaƙi da rashin tsaro na hana noma, fari da ambaliya na cinye amfanin gona, tsada na sa abinci ya gagari mai ƙaramin ƙarfi ko da kasuwa na cike. Kada a ce masa lalaci ne ya jawo wa talaka, domin da yawa daga cikin waɗanda zai kai wa hatsin nan manoma ne da suka saba cika rumbu kafin a raba su da gonakinsu.