Ku daina raina Seiko don Allah

Ni fa abin da ke ban haushi da samarinmu, mutum ya gwammace ya ɗaura Rolex na jabu, wanda ko wata uku ba zai yi ba ruwan gwal ɗin ya koɗe, da ya ɗaura Seiko na asali, wai Seiko agogon tsofaffi ne. To ai tsofaffin sun san abin da suke yi.

Kamfanin nan tun 1881 yake. Wani matashi Kintaro Hattori ne ya buɗe ɗan shago a Tokiyo yana gyaran agogo yana sayarwa, mai gyara ne kawai irin waɗanda muke gani da ɗan tebur da gilashi a ido a bakin kasuwa. A 1892 ya kafa masana'antar Seikosha suna yin agogon bango, a 1913 suka fitar da Laurel, agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan. Sai girgizar ƙasar 1923 ta zo, gobara ta cinye masana'antar har da agogunan da mutane suka kawo gyara, mutumin nan bai tsaya cewa ƙaddara ce kowa ya yi haƙuri ba, sabbi ya ba masu su. Wallahi wannan kaɗai ya isa in girmama shi. Shekara na zagayowa, 1924, agogo mai sunan Seiko ya fito.

Amma inda suka girgiza duniya shi ne Disambar 1969, da suka fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da quartz (wani ɗan ƙanƙanin dutse da ke daidaita lokaci) da ya shiga kasuwa, yen 450,000 kuɗinsa, kusan kuɗin mota a lokacin. Mutanen Suwizalan da suke ganin su ne iyayen agogo sun ji a jikinsu, cikin shekarun 1970 zuwa 1980 kamfanoninsu da yawa suka rufe, ma'aikata dubbai suka rasa aiki, don agogon batir ya fi wanda ake wanawa cika lokaci kuma kullum ƙara araha yake.

Ni dai nawa gwanin Seiko 5 ne, wanda ya fara fitowa a 1963. Ba batir, motsin hannunka ne ke wana shi, in ya kwana biyu a aje ya tsaya sai ka ɗan girgiza shi ya ci gaba da aiki, ga rana ga kwanan wata a taga ɗaya, wasu ma ranakun da Larabci suke, irin wanda alhazai ke dawowa da shi tsaraba. A yi alwala da shi, a je gona da shi, ɗa ya gada.

Masu cewa sai mai tsada kuma, akwai Grand Seiko tun 1960, ku je ku tambayi kuɗinsa sannan ku dawo mu yi magana.