Ga masu son ƙera wuƙa mai zanen igiyar ruwa

Kwanan nan matasa da yawa suna turo min bidiyon wuƙaƙen Japan, waɗanda ke da wani farin layi mai lanƙwasa a tsakanin kaifi da baya, suna tambaya ko sabon shiga zai iya yin irinsu. Amsata ita ce zai iya, kuma ina son su gwada. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu layin suke so, ba su damu da abin da ya haifar da shi ba.

Wannan layi, da Japanawa ke kira hamon, iyaka ce tsakanin ƙarfe mai tauri da mai laushi a jikin wuƙa guda. Maƙeri yana shafa yumɓu da aka kwaɓa da garin gawayi a bayan wuƙar, ya bar bakin kusan tsirara, ya gasa, ya tsoma a ruwa. Bakin yana hucewa nan take sai ya yi tauri, bayan kuwa yumɓu ya riƙe masa zafi, sai ya fito da laushin da zai jure duka. Da wannan tsomawar takobin Japan ke samun lanƙwasarsa, domin ƙarfen bakin yana ɗan ƙara tsawo idan ya taurara. A birnin Sakai na Japan har yau ana yin wuƙaƙen girki ta wannan hanya, kuma ko a hannun gwanaye wasu kan tsage a cikin ruwa.

To kai da ka fara jiya, me zai kai ka ruwa? Don Allah ka fara da man gyaɗa mai ɗumi, a gwangwanin ƙarfe mai murfi saboda wuta na iya tashi. Layin ba zai yi kyan na ruwa ba, na yarda, amma wuƙarka za ta fito lafiya. Baƙin man mota kuwa ka bar shi, hayaƙinsa cuta ne.

Sai maganar ƙarfe, inda na fi ganin ana asarar gumi. Kowa sifirin mota yake nema, don shi muka saba gani a maƙera, kuma yana yin adda da gatari masu kyau. Amma akwai sinadaran da ake haɗa masa da ke sa ya taurara har ƙarƙashin yumɓun, saboda haka layin ba ya fita sosai. Tsohon magagari ya fi, ko ƙarfen da ake kira 1095 idan ka samu. Wasu magagarai na yanzu fatarsu ce kawai ke da tauri, don haka ka yanki guntu ka gasa ka tsoma, ka buga masa guduma. In ya karye fau kamar gilashi, ka samu abin aiki.

Kada ka wasa bakin kafin wuta, ka bar masa kaurin milimita 1. Yumɓun kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, kuma ya bushe ƙarau. Ka yi aikin da magariba ko cikin inuwa, domin rana tana ɓoye jan ƙarfe. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, kai kuma kusan 800 kake nema, wato ka ɗan ƙara kaɗan bayan ya saki, sannan ka tsoma wuƙar a man. Da ka tsamo ta, goga magagari a bakin: zai zame da ƙara siririya, a bayan kuma ya ci. Wannan ƙarar tana faranta min rai fiye da duk wani zane.

Kuma kada ɗoki ya sa ka tsallake gashi na biyu. Wuƙar da ta fito daga mai gautsi gare ta. A sa ta a oban a digiri 200 na Celsius kamar awa biyu, a maimaita, har ta yi launin karan dawa. Bayan nan ne za ka zauna da sanfefa da ruwan lemon tsami har layin ya bayyana.

Masu zana layin ƙarya da asid a kan wuƙar da ba ta sha wannan aiki ba, su sayar da tsada, wallahi ha'inci ne. In za ka saya, ka tambayi mai ita da wane ƙarfe ya yi ta, kuma a cikin me ya tsoma.